Babi na 6: Sistar da ta ƙwace bakin 'yan talla

Wai ta yaya rubutu zai zama zane? Tambayar da ke fara zuwa bakin mutum ke nan idan ya ga hoton wani ɗakin baje kolin zane na Turai ko Amurka: bango fari fat, an rataye takarda cikin gilashi, babu fuskar mutum a jikinta, babu doki, babu itace, sai wasu ƙattin haruffa ja da ruwan ɗorawa, wasu a karkace, wasu an datse musu kai. Sai ka ji wani ya ce, "To ai wannan ko mai buga riguna na bakin kasuwa zai yi." Kuma bai yi ƙarya ba. Kayan da ake buga hoton ɗan takara a riga lokacin siyasa, ko sunan makaranta a aljihun yunifom, su ne dai kayan da aka buga waɗannan takardu da su. Ba a wajen kayan aiki gizo ke saƙar ba. Abin tambaya shi ne, kalmar nan ta wane ne, a ina aka ɗauko ta, kuma me aka yi mata kafin ta hau bango?

Amsar da ta fi gamsar da ni tana cikin aikin wata Ba'amurkiya mai suna Corita Kent, wadda ta yi shekara 32 tana sista a Cocin Katolika, sanye da doguwar riga da lulluɓi, tana kwaso kalmomi daga jikin gwangwani da ledar burodi.

Raga, roba da tawada

Bari mu fara da sana'ar kanta, saboda wanda bai taɓa tsayawa ya ga ana yi ba. Ana samun firam na katako a ɗaure masa ƙyalle mai ƙananan huji, a ja shi ya yi tauri. Da can siliki ake sawa, yanzu galibi zaren roba ne. Rariya ce dai, sai dai maimakon gari tawada ake tankaɗewa. Duk inda ba a so tawada ta wuce sai a toshe shi, ko da takardar da aka yanke ko da gam, a bar siffar da ake so a buɗe. A shimfiɗa farar takarda, a kifa firam a kanta, a zuba tawada a gefe guda, a ja ta da faffaɗar roba zuwa ɗaya gefen. In an ɗaga, siffa ta zauna. Kowane launi da nasa zagayen. Idan aikin mai launi biyar ne, kowace takarda sai ta shiga ƙarƙashin raga sau biyar, kuma sai na fari ya bushe kafin a ɗora na biyu.

Wannan hanya tana ba da launi mai kauri, shimfiɗaɗɗe, mai kaifin baki, babu sawun burushi ko kaɗan. Ba abin da ya fi harafi son haka. Sannan tana ba da yawa. Zanen fenti guda ɗaya ne tak, mai kuɗi ɗaya zai saya ya kulle a falonsa, amma raga ɗaya za ta fitar da takarda ɗari ko fiye, kowacce ta asali ce.

Wannan yawa da arha su suka sa aka daɗe ana yi wa sana'ar kallon raini. A Amurka, a farkon ƙarni na 20, aikin masu allon talla ne da masu tambarin kaya. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, gwamnati ta ɗauki masu zane aiki suna buga fostoci, wasunsu kuma suka fara yin zanen kansu da raga, har suka laƙaba wa aikin sabon suna don a bambanta shi da na 'yan kasuwa. Sunan bai wanke shi sosai ba. Manyan masu zane na fenti da burushi ne, bugun raga kuwa na masu neman abinci.

Daga Iowa zuwa Hollywood

An haifi Frances Elizabeth Kent a garin Fort Dodge na jihar Iowa a 1918, ta tashi a unguwar Hollywood ta birnin Los Angeles. A 1936, tana da shekara 18, ta shiga ƙungiyar sistoci ta Immaculate Heart of Mary, aka ba ta suna Sista Mary Corita. Ƙungiyar ta malaman makaranta ce, tana da kwaleji a nan Hollywood, kuma a sashen zane na kwalejin Corita ta fara koyarwa a 1947, daga baya ta shugabance shi a 1964. Bugun raga kuwa ta koye shi a farkon shekarun 1950, da taimakon matar wani mai zane ɗan ƙasar Meziko da ya rasu, Alfredo Ramos Martínez. A 1952 wani bugu nata ya ci kyautar farko a gasar yankin Los Angeles.

Ayyukanta na wancan lokaci na addini ne zalla, launi bisa launi, duhu-duhu, siffofin waliyyai da labaran Littafi Mai Tsarki. Suna da kyau, amma da a nan ta tsaya da babu dalilin ba ta babi a wannan littafi.

Gwangwani 32

A watan Yulin 1962 wani ƙaramin ɗakin baje koli a Los Angeles mai suna Ferus ya rataye zane 32 na wani saurayi daga New York, Andy Warhol. Kowane zane gwangwanin miyar Campbell's ne, iri ɗaya sak, sai sunan miyar da ke canzawa. Mutane suka yi ta dariya. Wani mai sayar da zane a kusa ya jera gwangwanayen miya na gaske a tagarsa don shaguɓe, wai ga na ainihi nan da arha. Dala 100 aka sa wa kowane zane, kuma 'yan kaɗan ne suka nuna sha'awar saye. A 1996 gidan adana zanen zamani na New York ya karɓi duka 32 ɗin kan kuɗin da aka ƙiyasta dala miliyan 15.

Wannan shi ne salon da aka kira Pop, wato ɗaukar kayan kanti da talla da hotunan taurari a mai da su abin zane. Corita na cikin waɗanda suka je kallo, kuma ba dariya ta yi ba. A shekarar ta buga wani aiki na ɗigo-ɗigo 12, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, waɗanda ta ɗauko daga ledar burodin Wonder Bread. Duk Ba'amurke ya san ɗigon nan daga teburin karin kumallo. Duk ɗan Katolika kuma in ya ga zagayayyen burodi da lamba 12, zuciyarsa za ta tafi ga gurasar jibin Ubangiji da almajiran Yesu. Abu ɗaya, karatu biyu, kuma ba ta ce maka ga wanda za ka ɗauka ba.

A nan hanyarta ta rabu da ta Warhol. Shi yakan ɗauko gwangwani ya ajiye maka a gaba, fuska ba yabo ba fallasa, ya ƙi cewa uffan. Sanyin nan shi ne ƙarfinsa. Ita kuwa ba ta iya shiru ba. Tana da abin faɗa, kuma ta gano cewa babu wanda ya mallaki murya mai ƙarfi a Amurka ta lokacin kamar ɗan talla.

Kantin tsallaken titi

Akwai wani babban kanti mai suna Market Basket tsallaken titi daga kwalejin. Nan ya zama rumbunta. Takan kwashi ɗalibai su shiga kanti, ko gidan mai, ko wurin wankin mota, kowa riƙe da ɗan kwali da aka huda masa taga mai kusurwa huɗu a tsakiya. Aikin shi ne ka rufe ido ɗaya ka leƙa duniya ta wannan taga, kana matsar da ita a hankali. Allon talla in ka gan shi duka, umarni ne: sayi wannan. In ka gan shi ta ƙaramar taga, sai ya zama rabin harafi ja a kan fari, ko lanƙwasar wani baƙi da ba ka taɓa lura da kyanta ba. Umarnin ya faɗi, siffa ta saura.

Wannan ɗan kwali, a ganina, shi ne mabuɗin duk abin da ta yi. Talla ba ta son ka kalle ta, so take ka bi ta. An tsara ta yadda za ta shige ka cikin daƙiƙa ɗaya kana tuƙi, tun kafin tunani ya farka. Kuma in ka duba da kyau, kalmomin da ɗan talla ke amfani da su ba ƙanana ba ne. Rai, ƙarfi, alheri, sabuntawa, farin ciki, ƙoshi. Waɗannan a da kalmomin mimbari ne da na masu hikima. Kamfani ya ɗauke su ya liƙa wa lemon kwalba da man fetur, har suka saba da zama a can. Corita ba ta ga dalilin bar musu ba.

Kamfanin abinci na General Mills yana da tambari na babban harafi guda, da take mai cewa harafin na nufin alheri. Da Turanci kuwa sunan kamfanin da kalmar alheri da sunan Ubangiji duk da wannan harafi suke farawa. Ta buga harafin ƙato, ta bar taken yadda yake, ta cire hoton kayan abincin. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ta wa'azi a cikin manyan baƙaƙen ba, amma mai kallo ya san ba hatsin karin kumallo ake nufi ba. Kamfanin mai na Richfield yana da taken da ke cewa a ƙara ƙarfi. A 1965 ta shimfiɗa shi a kan takarda huɗu a jere, a ƙasa ta rubuta da hannu wata huɗuba ta fada Daniel Berrigan mai magana kan burodi da yunwa da adalci. Taken Pepsi mai kiran mutum ya farfaɗo ya rayu, shi ma ta ɗauke. Haka alamomin hanya, irin su tsaya, da hanya ɗaya, da ba shiga.

Yadda ake lanƙwasa kalma

Ba kwafa kawai take yi ba, kuma a nan ne mai cewa "ko ni zan iya" ya kamata ya ɗan dakata. A tsakiyar shekarun 1960 babu kwamfutar da za ka danna ta murɗa maka harafi. Dabararta ita ce ta ɗauki takardar talla ta lanƙwasa ta, ko ta cukuikuye ta, ko ta yage, ta ɗauki hotonta da kyamara a haka, sannan ta haska hoton a bango da majigi ta bi layin haruffan da fensir, ta yanka. Abin da ke fitowa kalma ce da ta yi ciki kamar tuta a iska, ko ta juya baya, ko ta kife, ko ta fice daga gefen takarda rabinta ya ɓace.

Sai kuma hawa na biyu. A tsakanin ƙattin haruffa, ko a cikin cikinsu, takan cusa ƙananan layuka da rubutun hannunta mai gudu, maganganun da ta tsinto a karatunta: Zabura, Albert Camus, Gandhi, Martin Luther King, mawaƙi E. E. Cummings, har da waƙoƙin Beatles. Daga nesa babbar kalma za ta kira ka da muryar ɗan talla. In ka matso sai ka tarar ba ka iya karanta ta kai tsaye, sai ka karkata wuya, ka cike harafin da ya ɓace da kanka. In ka ƙara matsowa, hancinka kusa da takarda, sai ga ƙaramar murya tana faɗin wani abu dabam. Abin da aka tsara ya shige ka cikin daƙiƙa ɗaya ya tsayar da kai minti biyar. Cikin minti biyar ɗin nan kai ne ke aiki a kan kalma, ba ita ke aiki a kanka ba. 'Yancin da ke cikin aikin Corita daga nan ya fara, tun kafin ta buga kalma ɗaya a kan yaƙi ko wariyar launi.

Yawancin bugun a watan Agusta ake yin sa, cikin 'yan makonnin hutu tsakanin zangon karatu, a wani ɗakin bulo kusa da kwaleji, ita da ɗalibai da 'yan'uwanta sistoci da masu sa kai, wani na jan roba, wani na ɗaga takarda, wani na shanya. Tana sayarwa da arha da gangan, kuma sau da yawa ba ta sa wa takardun lamba yadda masu bugu ke yi don a san na farko da na ƙarshe a tsawwala farashi. A tsawon rayuwarta ta fitar da bugu daban-daban kusan 800.

Tumatir da Kadinal

Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da Cocin Katolika kansa ke girgiza. Paparoma John na 23 ya kira babban taron bishop-bishop na duniya a Batikan, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, kuma taron ya buɗe ƙofofi da dama, ciki har da yin ibada da harsunan jama'a maimakon Latin kaɗai, da kiran ƙungiyoyin sistoci da fadoji su sake duba tsarin rayuwarsu. Sistocin Immaculate Heart, waɗanda yawancinsu masu digiri ne, suka ɗauki kiran da gaske. Babban bishop na Los Angeles kuwa, Kadinal James Francis McIntyre, mutum ne da ba ya son a taɓa ko kujera daga inda ya same ta.

A 1964 aka damƙa wa sashen zane shirya bikin shekara-shekara na girmama Maryamu. Bisa al'ada jerin gwano ne na natsuwa, 'yan mata cikin farare suna ɗauke da furanni. Corita da ɗalibanta suka mai da shi bikin abinci da tunawa da masu yunwa, da kwalaye da alluna da aka yi da takardun tallar kanti, da kiɗa da launi ko'ina. A shekarar ce kuma ta buga aikin da ya fi jawo mata magana. Kamfanin Del Monte yana tallar tumatirin gwangwaninsa da cewa ya fi kowane ruwa da daɗi. Ta buga kalmar tumatir da manyan haruffa ja da ruwan lemo, a cikinsu ta rubuta wani dogon bayani da wani malamin jami'a ya aiko mata, wanda ya ba Maryamu wannan kirari na tumatir. A bakin samarin Amurka na lokacin kuma, tumatir na nufin kyakkyawar mace.

Mai karatu Musulmi ko Kirista, wanda ya san matsayin Nana Maryamu, ba sai an yi masa dogon bayanin abin da ya harzuƙa Kadinal ba. Ni ma ba na ganin duk wanda ya ji zafin aikin maƙiyin fasaha ne. Hujjar Corita ita ce yabo ne, cewa kowane zamani da harshen da yake yabo da shi, kuma in an yarda a kwatanta Maryamu da fure ko tauraro don su ne kyawawan abubuwan da mutanen da suka sani, to mutumin da ya tashi a cikin kanti da abin da ya sani zai yi yabo. Hujjar tana da ƙarfi, amma tana da rami: kalmar da ka ɗauko daga kasuwa takan zo da ƙurar kasuwa a jikinta, kuma ba kullum take kakkaɓuwa ba. Kadinal ya hana a nuna aikin a bainar jama'a. Daga nan takun saƙa tsakaninsa da sistocin bai sake lafawa ba.

Watts

A watan Agustan 1965, wato watan bugunta, 'yan sanda suka tsayar da wani matashi baƙar fata a mota a unguwar Watts ta Los Angeles. Gardama ta zama tarzoma ta kwana shida. Mutum 34 suka mutu, sama da 1,000 suka ji rauni, aka kama sama da 3,000. Wannan a birninta ne, tafiyar mota ce ba mai nisa ba daga ɗakin bulon da take jan roba.

Abin da ta buga a kai ba shi da launukan kanti. Ta ɗauki shafin farko na jaridar Los Angeles Times mai babban kanun adadin waɗanda aka kashe da shigowar sojoji, ta buga shi baƙi, amma ta kwantar da shi a gefe, yadda sai ka juya kai za ka karanta. A kusa da shi, da jan rubutun hannu, ta sa maganar wani fada farar fata, Maurice Ouellet, wanda aka cire daga cocinsa a garin Selma na jihar Alabama saboda goyon bayan baƙaƙen fata masu neman haƙƙin zaɓe. Dabarar ita ce dai ta ledar burodi. Jarida ma murya ce mai ƙarfi da ke gaya maka yadda za ka fahimci abu kafin ka yi tunani. Ta kwantar da ita, ta ba ƙaramar murya tsayuwa.

Daga nan aikin ya ƙara zafi tare da ƙasar. A 1967 ta buga kira a daina ruwan bama-bamai a Biyetnam, cikin ja da fari da shuɗi, launukan tutar Amurka. A watan Afrilun 1968 aka harbe Martin Luther King a Memphis. A watan Yuni aka harbe Robert Kennedy a wani otal a nan Los Angeles. Tsakanin biyun, a watan Mayu, abokinta Daniel Berrigan da ɗan'uwansa Philip, su ma fadoji, tare da wasu mutum bakwai, suka shiga ofishin ɗaukar soja a Catonsville na jihar Maryland, suka kwaso takardun kiran samari yaƙi suka cinna musu wuta a fili, suka tsaya jiran 'yan sanda. Tsakanin 1968 da 1969 Corita ta fitar da jerin bugu 29 kan gwarazan zamanin maza da mata, da tawada mai ƙyalli kamar ta alamar haɗari, tana haɗa hotunan jarida da na mujallu da rubutu: King da matarsa Coretta, Kennedy, 'yan gidan Berrigan, da Cesar Chavez jagoran leburorin gona. A ɗaya daga ciki ta jera kalmar Turanci ta kisan gillar shugabanni layi bisa layi kamar ratsin tuta, ta canza launin wasu haruffa, sai ga kalmar zunubi da kalmar ƙasa sun fito daga cikinta. Tun asali suna nan a ciki, ba wanda ya lura.

Fita

A ƙarshen 1967 mujallar Newsweek ta sa hotonta a bango a matsayin fuskar sistar zamani. Suna ya yi suna, gayyata ta ko'ina, ga koyarwa, ga rashin barci da ya daɗe yana damunta, ga wasiƙun ofishin Kadinal. A shekarar ce ƙungiyarta ta yanke shawarar gwada sabon tsari: sista ta iya sa tufafin gari, a sassauta lokutan addu'a na dole, kuma kada a tura kowa aji sai ta kammala horon koyarwa. Kadinal ya ce ko su janye ko su bar makarantun da ke ƙarƙashinsa. Batikan ta goyi bayansa.

Corita ba ta jira ƙarshen rikicin ba. A 1968 ta tafi hutu gabashin ƙasar, ba ta dawo ba. Ta nemi a warware mata alkawarin zuhudu, ta kama gida ita kaɗai a Boston tana da shekara 50, karo na farko a rayuwarta da take zaune ba a ƙarƙashin dokar wani gida ba. A 1970 mafi yawan sauran sistocin, su fiye da 300 ƙarƙashin jagorancin Anita Caspary, su ma suka ajiye alkawarinsu suka kafa ƙungiya mai zaman kanta, wadda har yau tana nan. Kwalejin ta rufe a 1981.

Kan sarki miliyan 700

Ga wani abu da masu yabonta ba su cika son tsayawa a kai ba. Aikin da ta yi bayan ta sami 'yancin kanta bai kai na lokacin da take cikin ƙunci kaifi ba. A Boston ta koma ga fentin ruwa, furanni, bakin teku, gajerun kalmomi masu taushi. A 1971 kamfanin gas na birnin ya ba ta aikin ƙawata wani tankinsa mai tsayin kusan ƙafa 140, ta zuba masa manyan shafe-shafen launi shida. Wasu suka rantse sun ga fuskar Ho Chi Minh, jagoran Biyetnam ta Arewa, a ɓoye cikin shuɗin, ita kuma ta musanta. A 1985 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki da zanenta, 'yan layukan launi da kalmar ƙauna a ƙasa. An sayar da fiye da miliyan 700.

Ba aikinta da ya shiga hannun mutane kamar wannan, kuma ba wanda ya fi shi rashin haƙori. Kalmar tana tsaye daidai, ba a lanƙwasa ta ba, ba a ƙwato ta daga hannun kowa ba, babu ƙaramar murya a ƙarƙashinta da ke musa mata. Ka karanta cikin daƙiƙa ɗaya ka lasa ka liƙa. Da alama ita ma ta ji haka, domin da hukumar ta shirya bikin ƙaddamarwa a dandalin ɗaukar wani wasan talabijin na soyayya a jirgin ruwa, ƙin zuwa ta yi, ta kuma buga wani aiki mai cewa ƙauna aiki ce mai wuya. A shekarun nan ne kuma ta yi wa wata ƙungiyar likitoci masu adawa da makaman nukiliya manyan allunan bakin hanya masu cewa ana iya rayuwa ba yaƙi. Wadda ta fara da kwasar kalmomi daga allon talla ta ƙare da hawa allon da kanta.

Ciwon daji ya kashe ta a watan Satumban 1986. Littattafan tarihin Pop sun daɗe suna tsallake sunanta, don mace ce, sista ce, mai bugun raga ce, kuma ba a New York take ba. Sai a 2015 gidan adana ayyukan Warhol da ke Pittsburgh ya baje kolin aikinta na tsawon rayuwa, shekara 53 bayan ta tsaya gaban gwangwanayensa.

Duk tsananin da Corita ta sha, iyakarsa wasiƙar Kadinal da hana nuna aiki. Akwai inda raga da roba suka fi haka tsada. A ƙarshen shekarun 1970 wasu 'yan Afirka ta Kudu da suka tsere wa mulkin wariyar launin fata suka kafa ƙungiyar masu fasaha mai suna Medu a Gaborone, babban birnin Botsuwana, suna buga fostoci ana tsallakar da su iyaka a ɓoye, a liƙa da dare, 'yan sanda su yage da safe. A ranar 14 ga Yunin 1985, shekarar da kan sarkin Corita ya fito, sojojin Afirka ta Kudu suka tsallaka iyaka suka kashe mutum 12 a Gaborone, cikinsu har da Thami Mnyele, ɗaya daga cikin manyan masu zanen ƙungiyar. Yadda aka yi fosta ta zama abin da gwamnati za ta aika soja a kansa, shi za mu duba a babi na gaba.